Gwajin kulorur da sulfat a sinadaran magani: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

Gwajin iyakar kulorur da na sulfat, wato neman ragowar waɗannan nau'o'in gishiri biyu a cikin sinadarin magani, suna cikin abubuwan farko da ake koya wa duk wanda zai yi aikin binciken ingancin magani. Kayan aikinsu kaɗan ne, ba sa cin wuta, kuma cikin rabin awa an gama. Wannan sauƙin ne yake sa wasu su raina su, su yi su da hannu ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin ɗaliban kiwon lafiya da masu aiki a farmasi da labo a nan Damagaram. Alƙaluman da na kawo daga littattafan ƙa'ida na ƙasashen waje suke, amma wanda zai yi aikin a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40, da ruwan ƴan ga-ruwa a bakin ƙofa, yana da nasa damuwar da marubutan littattafan ba su zauna da ita ba.

Malam, me ake nufi da gwajin iyaka?

Gwaji ne da yake amsa tambaya ɗaya tak: ƙazantar da ke cikin wannan sinadari ta wuce iyakar da aka yarda da ita, ko ba ta wuce ba? Ba zai faɗa maka adadinta ba. Ana jera bututun gwaji biyu iri ɗaya. A na farko akwai sinadarin da ake tuhuma. A na biyu, wanda ake kira ma'auni, akwai daidai adadin ƙazantar da aka yi wa izini, an auna ta da gangan an zuba. Sai a sa wa dukansu ruwan gwajin da zai fito da ƙazantar fili, ruwan ya yi wani farin hazo-hazo kamar an ɗiga nono a kofin ruwa. Idan hazon bututun farko bai fi na ma'auni ba, sinadarin ya tsallake. Idan ya fi, ya faɗi.

Tunda gwajin kwatanci ne, duk darajarsa tana kan abu ɗaya: a yi wa bututun biyu adalci. Ruwa ɗaya, faɗin gilashi ɗaya, lokaci ɗaya, zafi ɗaya, haske ɗaya. Kusan kowace amsa a wannan shafi can take komawa.

Ai kulorur gishiri ne, kullum muna ci. Me ya sa ake farautarsa a magani?

Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiyar magana ita ce a ɗan adadin da ake nema, kulorur ko sulfat ba za su kashe kowa ba. Iyakokin ana lissafa su da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan, miligiram 1 a kilo 1. Tsunkule ɗaya na gishirin miya ya ninka abin da ake nema sau da yawa. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo cike yake da kulorur, ƙwayar zinc da ake haɗa masa da ita kuwa galibi sulfat ce.

Abin da ya sa ake nemansu shi ne su shaidu ne. Masana'anta tana haɗa sinadari da asid kulorhidirik ko asid sulfurik, sannan ta wanke, ta tace, ta sake daskarar da shi har sai ya fita tas. Idan an yi ha'inci wajen wankin, ko an yi shi da ruwa marar tsabta, kulorur da sulfat ne suke fara tona asiri, domin su suka fi sauƙin gani. Inda suka rage, akwai yiwuwar wasu abubuwan da ba a gani da arha su ma sun rage. Haka kuma da su ake gane wanda ya kawo sinadarin aikin masana'antu, irin na yin sabulu ko jima, ya ce na magani ne.

Ta ina suke shiga?

Kowane sinadari da tarihin haihuwarsa. Bikarbonat na sodiyum ana yin mafi yawansa ne daga ruwan gishiri, ta hanyar da Ernest Solvay ɗan ƙasar Beljiyam ya kafa a shekarun 1860, don haka ba abin mamaki ba ne a sami ragowar kulorur a ciki. Littafin ƙa'idar Turai ya sa masa iyakar ppm 150 na kulorur da ppm 150 na sulfat. Asid sitirik, wanda ake sa wa a sirop da ƙwayoyi masu tafasa a ruwa, a tsohuwar hanyar tace shi ana mai da shi gishirin kalsiyum, sannan a sake fito da shi da asid sulfurik, shi ya sa ake bin sawun sulfat a cikinsa, iyakarsa ppm 150. Giliserin iyakarsa ta kulorur ta fi tsanani, ppm 10 kacal.

Sinadarin da shi kansa kulorur ne ba a nemansa da kulorur. Gishirin da ake yin ruwan ƙari da shi sulfat ake nema a ciki, kada ya wuce ppm 200. Sulfat na magneziyum, wanda ake yi wa mai ciki allurarsa idan jijjiga ta kama ta, kulorur ake nema a cikinsa, iyaka ppm 300.

Wane littafi za mu bi?

Wanda takardar kayan ta ambata. Kowane buhu ko gwangwanin sinadari yana zuwa da takardar shaidar gwaji daga masana'anta, a jikinta an rubuta littafin da aka bi. A Nijar an fi saba wa littafin ƙa'idar magani na Turai, saboda akwai shi da Faransanci. Yarjejeniyar kafa shi ta 1964 ce, kuma gwajin kulorur yana babi na 2.4.4, na sulfat yana 2.4.13. Akwai na Amurka, wanda aka fara bugawa a 1820, shi ya haɗa gwajin biyu a babi na 221. Akwai na Ingila tun 1864, da na Indiya, wanda yake da muhimmanci a wurinmu ganin yawan kayan da ke zuwa daga can. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tun 1951, ana karanta shi kyauta a intanet.

Abin da ba a yi shi ne a ɗauko asid daga wannan littafi, ma'auni daga wancan, lokacin jira daga na uku. Kowace hanya an daidaita ta ne a dunƙule.

Yaya ake gwajin kulorur, daki-daki?

Bari mu bi hanyar Turai. Ka narkar da sinadarin yadda aka umarta, ka ɗebi mililita 15. Ka zuba masa mililita 1 na asid nitirik mai ruwa-ruwa. A wani bututun ka riga ka sa mililita 1 na ruwan nitirat na azurfa, mai giram 17 a lita. Sai ka juye haɗin nan cikin bututun azurfar gaba ɗaya, zubi ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Ma'auni kuma ana yin sa da mililita 10 na ruwan kulorur mai ppm 5, a ƙara ruwa mililita 5, a bi da shi ta hanya ɗaya sak. Ka ajiye su biyun inda haske ba ya kai musu, minti 5. Sannan ka ɗaga su kafaɗa da kafaɗa, ka dube su ta gefe, da baƙin abu a bayansu.

Abin da ke faruwa a ciki: azurfa ta haɗu da kulorur, sun zama kulorur na azurfa, wanda ba ya narkewa a ruwa sai ɗan kaɗan, wajen miligiram 2 a lita. Tunda adadin ƙanƙani ne, ba ya kwantawa a gindi, sai ya watsu ƙanana-ƙanana yana tare haske. Zubi ɗayan nan da aka nace a kai don ƙwayoyin su fito lokaci ɗaya ne, girmansu ya zo kusan ɗaya. Idan ka ɗiɗɗiga a bututu ɗaya ka kwarara a ɗayan, za ka iya samun hazo iri biyu daga kulorur mai adadi ɗaya.

Ɓoyewa daga haske kuwa, gishirin azurfa yana yin duhu idan rana ta taɓa shi, halin da aka gina tsohon aikin ɗaukar hoto a kai. Ranar Damagaram ba ta buƙatar dogon lokaci. Bututun da aka bari a bakin taga zai koma ruwan toka mai ɗan shunayya, daga nan ba abin da za ka kwatanta. Kwali da aka kife a kai ko aljihun tebur ya isa.

Ruwan ma'auni ana yin sa haka: giram 0.824 na tsantsar gishiri busasshe a lita 1, wannan ya ba da ppm 500. A ranar aiki a ɗebi mililita 1 a cika shi zuwa 100. Wannan mai ruwa-ruwan ba a ajiye shi a ce gobe a yi da shi.

Hanyar Amurka da ta Indiya suna amfani da dogayen bututun kwatanci da ake kira Nessler, a cika zuwa mililita 50. A ta Amurka ma'aunin asid kulorhidirik ne mai ƙarfin 0.020 N, wanda kowace mililita ɗaya tasa take ɗauke da miligiram 0.71 na kulorur.

Asid nitirik ɗinmu ya ƙare. Ba za a iya sa wani asid ba?

A'a. Aikin asid ɗin shi ne hana azurfa kwantawa da wasu abubuwan da ba su ake nema ba, kamar karbonat da fosfat. Su ma suna yin hazo da azurfa, amma a cikin asid nitirik narkewa suke, kulorur na azurfa kaɗai ya rage. Asid kulorhidirik kuwa shi kansa kulorur ne zalla, sa shi daidai yake da zuba abin da kake nema da hannunka. Ko buɗaɗɗiyar kwalbarsa kada ta zauna a teburin, hayaƙinta kawai yana iya shiga bututu.

A sani kuma bromur da iyodur, ƴan uwan kulorur, suna yin hazo da azurfa ko a cikin asid nitirik. Gwajin ba ya bambanta su da kulorur.

To gwajin sulfat fa? Na ga ana zuba sulfat da gangan a bututun gwaji, abin ya ɗaure mini kai.

Nan ne wurin da ya fi daɗin bayani. Kulorur na bariyum yana haɗuwa da sulfat su zama sulfat na bariyum, fari, wanda shi ma narkewarsa ba ta wuce miligiram 2 da ɗan abu a lita ba. Matsalarsa taurin kai. Idan sulfat ɗin kaɗan ne, yakan zauna a narke ya ƙi fitowa, ko ya fito a makare, ko a bututu ɗaya ya yi manyan ƙwayoyi kaɗan, a ɗayan ya yi ƙanana da yawa. Manyan suna nutsewa, ƙananan suna tare haske sosai, sai kwatanci ya lalace.

Maganin abin shi ne a ba shi iri. A hanyar Turai, ana zuba mililita 3 na ruwan kulorur na bariyum mai giram 250 a lita cikin mililita 4.5 na ruwan sulfat mai ppm 10 wanda aka haɗa da alkol kashi 30 cikin ɗari. A girgiza, a bar shi minti 1. A cikin mintin nan ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani sun fito, alkol ɗin ya taimaka domin yana rage narkewarsu. Daga wannan haɗin ake ɗiban mililita 2.5 a sa a kowane bututu. A na gwaji a ƙara mililita 15 na ruwan sinadarin da mililita 0.5 na asid asetik. A na ma'auni a ƙara mililita 15 na ruwan sulfat mai ppm 10 da asid ɗin daidai wa daida. Duk sulfat ɗin da ya shigo sai ya sami inda zai liƙe nan take. Bayan minti 5 a kwatanta. Tunda bututun biyu sun sami irin daidai, ba wanda aka cuta.

Minti 1 ɗin nan da agogo ake ƙirga shi. Na sha ganin ana haɗa irin, a tafi amsa waya, a dawo a ci gaba. Irin da ya daɗe ya riga ya girma, aikinsa ya canja.

Uwar ruwan ma'aunin sulfat ita ce giram 0.181 na sulfat na potasiyum a mililita 100, a tsinka ta ɗaya cikin ɗari lokacin aiki. Hanyar Amurka ba ta sa iri: asid kulorhidirik take amfani da shi, jira minti 10, ma'auninta asid sulfurik mai ƙarfin 0.020 N, miligiram 0.96 na sulfat a kowace mililita.

Giram nawa za mu auna na sinadarin?

Littafin yana faɗa, amma yana da kyau mutum ya san inda lissafin ya fito. Ma'aunin kulorur na Turai mililita 10 ne na ppm 5, wato mikrogiram 50 (mikrogiram 1000 ne miligiram 1). Idan iyakar sinadarinka ppm 150 ce, ka raba 50 da 150, ka sami wajen giram 0.33 a cikin mililita 15 ɗin. Ma'aunin sulfat mililita 15 ne na ppm 10, mikrogiram 150 ke nan, don haka iyakar ppm 150 tana buƙatar giram 1 cif. Galibi ma'auni ba ya canjawa, nauyin samfur ne yake hawa da sauka: iyaka mai tsanani, samfur mai yawa. 

Wane ruwa za a yi aiki da shi? Na famfo idan an tafasa, ko na leda?

Ko ɗaya. Wannan ita ce babbar matsalar gwajin a garin nan. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake janyo shi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ko'ina yake yana ɗauke da gishirin ƙasar da ya ratsa. Ruwan da yake da daɗin sha ba shi ne ruwan labo ba: harshe ba ya fara jin kulorur sai ya kai wajen miligiram 250 a lita. Ɗauki misali ruwa mai miligiram 20 kacal a lita. Mililita 15 nasa akwai mikrogiram 300, ninki shida na dukan ma'auninka. Tafasawa ba ta rage komai, ruwan ne yake tashi, gishirin ya ƙara kauri.

Ruwan da aka tace ta tururi ake so, ko wanda na'ura ta cire wa gishiri, kuma shi ma sai an gwada shi kafin a amince. Gwajin ba wuya: a zuba ruwan shi kaɗai a bututu, a sa asid da azurfa, a wani bututun a sa asid da bariyum. Dole su zauna garau. Wanda yake da na'urar auna yadda ruwa yake ɗaukar lantarki ya fi hutawa. Littafin Turai ya sa wa tsarkakakken ruwa iyakar mikrosimens 5.1 a santimita a digiri 25. Ruwan batir da ake sayarwa a jarka a bakin hanya ba a san inda ya fito ba, kuma sau da yawa jarkar ta taɓa ɗaukar asid sulfurik.

Wankin gilashi ma ruwa ne. Ruwan jabel cike yake da kulorur. Garin sabulun wanki galibi akwai sulfat na sodiyum a cikinsa da yawa. Bututun da aka wanke da su aka ɗauraye sama-sama zai kayar da sinadari mai kyau. A ɗauraye sau da yawa, ɗaurayar ƙarshe da ruwan labo, a kife ya tsane da kansa, kada a goge cikinsa da tsumma. Bututu da pipet (siririn gilashin ɗiban ruwa da awo) na gwajin sulfat a ware su daban, domin kulorur na bariyum da ya liƙe a jikinsu zai ɓata gwajin kulorur.

Zafi da ƙura suna shafar sakamako?

Ƙwarai kuwa. Littafin Turai idan ya ce zafin ɗaki, digiri 15 zuwa 25 yake nufi. A watan Afrilu da Mayu, idan aka ɗauke wuta, ɗakin labo a nan ya wuce haka nesa. Da zafi ƙwayoyin hazo sun fi saurin haɗuwa su dunƙule su nutse. Idan ba yadda za a yi a sanyaya ɗakin, a yi aikin da sassafe, kuma a tabbata ruwan bututun biyu zafinsu ɗaya. Kada a ciro ma'auni daga firigo a jera shi da samfurin da aka narkar da ruwan ɗumi.

Abin da aka fi mantawa shi ne gumi. Gumin mutum yana iya ɗaukar kusan giram 1 na kulorur a lita. Ɗigo ɗaya, wajen mililita 0.05, mikrogiram 50 ke nan, daidai da dukan ma'aunin. Wanda ya toshe bakin bututu da babban yatsa ya girgiza a ranar bazara ya gama kayar da samfurinsa. A sa safar hannu, a rufe da murfin gilashi, a goge goshi kafin a sunkuya kan tebur.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Ita kanta tana sa ruwa dushewa, ga gishirin da take ɗauke da shi. Bututu a rufe, taga a rufe.

Ido kawai ya isa? Idan biyun sun yi kusan ɗaya fa?

Littattafan sun yarda da ido, muddin an yi kallon yadda ya kamata: baƙin kwali ko baƙin ƙyalle a baya, haske yana zuwa ta gefe, ba hasken rana kai tsaye ba. Wasu hanyoyin suna cewa a leƙa ta sama, tsawon ruwan ya taru a ido. Ka bi abin da naka littafin ya ce. Bututun su zama gilashi iri ɗaya, marasa karce, tsayin ruwa ɗaya.

Ƙa'idar ta ce kada na gwaji ya fi ma'auni, don haka idan sun yi daidai ya tsallake. Amma idan zuciyarka tana rawa, ka sauya musu wuri, na dama ya koma hagu, ka sake duba. Ka kira abokin aiki wanda bai san wane ne wane ba, ka ce ya nuna wanda ya fi. Wannan dabarar ta fi gardama amfani. Sai dai a yi da sauri, minti 5 ɗin da aka ce ba ta nufin minti 20.

Sinadarin yana da launi, ko ya ƙi narkewa. Yaya za a yi?

Babin kowane sinadari yana bayyana yadda za a shirya shi. Permanganat na potasiyum, mai launin shunayya da ake wanke ciwo da shi, ana tafasa shi da ɗan alkol har launin ya mutu, a tace baƙin da ya kwanta, a gwada ruwan. Bikarbonat sai an kashe shi da asid a hankali har kumfa ta daina tashi. Abin da ba ya narkewa ana girgiza shi ko a ɗumama shi da ruwa, a tace, domin gishirin ƙazantar yana narkewa ko da uwar sinadarin ba ta narke ba. Takardar tacewa ita ma tana iya zuwa da nata kulorur, a fara wanke ta da ruwan labo. Ruwan da ya riga ya dushe kafin a sa masa azurfa ko bariyum ba a gwada shi haka nan.

Ma'auninmu bai yi hazo ba sam. Samfurin ya tsallake ke nan?

Gwajin ne bai yi ba. Ma'auni dole ya nuna hazo, ko yaya yake. Idan ya zauna garau, ko ruwan azurfar ya lalace, ko an manta wani abu, ko an yi kuskuren tsinkawa. Ruwan nitirat na azurfa a kwalba mai duhu ake ajiye shi. Idan ka ga baƙi-baƙi a gindin kwalbar, ya tashi daga aiki.

Idan samfur ya faɗi, a sake har sai ya ci?

Wannan ha'inci ne, ko da ba a yi niyya ba. A rubuta sakamakon farko yadda ya fito. Sannan a bincika ko laifin na labo ne: a gwada ruwa shi kaɗai, a duba gilashi, a sake lissafin awo. Idan an gano takamaiman dalili, a rubuta shi, a sake gwajin da sabon samfur. Idan ba a gano komai ba, sakamakon yana nan, a killace kayan, a sanar da mai alhakin farmasi. A rajista a sa sunan sinadari, lambar rukuni, littafin da aka bi, nauyin da aka auna, ranar da aka haɗa kowane ruwa, zafin ɗaki, da sa hannu.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai. Nitirat na azurfa yana ƙona ido, a fata kuma yana barin baƙin tabo da ba ya fita da sabulu sai fatar ta sake. Kulorur na bariyum guba ne idan aka haɗiye: yana zubar da potasiyum na jini, tsoka ta saki, bugun zuciya ya rikice. Kada wani ya ruɗu da cewa ana ba marar lafiya sulfat na bariyum ya sha kafin a ɗauki hoton hanji. Wannan ba ya narkewa ne shi ya sa ba ya cutarwa. Ba a jan pipet da baki. Wanda ya haɗiye, asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar.

Ragowar ruwan ba a zuba shi a kwata, inda yara da awaki suke bi. Na azurfa a tara shi a kwalba guda, a zuba masa gishiri ya kwanta. Na bariyum a sa masa sulfat na sodiyum ko na magneziyum ya koma marar narkewa. Wani gargaɗi ga masu koyarwa: ana nuna wa ɗalibai yadda amoniyak yake narkar da kulorur na azurfa, amma wannan haɗin ba a ajiye shi, domin idan ya daɗe yana iya haifar da abu mai fashewa. A kashe shi da asid nitirik mai ruwa-ruwa kafin a tashi.

Za a iya gwada kanwa da wannan hanya?

Don darasi, da kyau ma. Kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga ana sayarwa a kasuwar Dole cakuɗe ce ta karbonat da bikarbonat na sodiyum, da gishiri da sulfat gwargwadon tafkin da aka haƙo ta. A narkar da ɗan gutsure, a tace, a sa asid nitirik a hankali har kumfa ta kwanta, a raba biyu, a ɗiga azurfa a ɗaya, bariyum a ɗayan. Galibi ba hazo za a gani ba, farin guda-guda ne zai sauko. A jera shi da bikarbonat na farmasi da aka yi wa haka, ɗalibi ba zai sake tambayar bambancin kayan kasuwa da kayan magani ba.

Idan magani ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje biyu, yana da kyau ke nan?

Ina! Gwajin bai san ko akwai maganin a cikin ƙwayar ba. Garin alli mai tsabta zai iya tsallake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa wajen ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci, kuma gano irin waɗannan sai da gwajin tantance sinadarin da auna adadinsa. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan sirop ɗin tari mai gubar diyetilen gilikol. Wannan guba ba ta yin hazo da azurfa, ba ta yi da bariyum. Giliserin da aka gurɓata da ita zai iya cin gwajin kulorur lafiya lau, sai kuromatografi, hanyar rarrabe sinadaran da ke cikin haɗi, shi yake kama ta. Waɗannan gwaje-gwaje biyu layi biyu ne kawai a cikin babin da yake da layuka da yawa, kuma an fi yin su a kan ɗanyen sinadari kafin a haɗa magani.

Wa yake da ikon cewa a janye kaya?

Hukumomin lafiya na ƙasa. Ɗakin binciken ƙasa da ake kira LANSPEX yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan, shi yake gwajin ingancin magani a hukumance. Sakamakon labon makaranta ko na farmasi dalili ne na killace kaya da kai rahoto ga hukumar lafiya ta jiha. A ajiye ragowar samfurin a mazubinsa na asali, a rufe, da lambar rukuninsa, domin da shi za a sake gwaji.

Ba na'urar da ta maye gurbin wannan tsohuwar hanya?

Akwai na'urar auna dushewar ruwa, tana ba da lamba a maimakon hukuncin ido, amma ita ma sai an haɗa bututun daidai. Akwai kuma kuromatografin iyon, wanda Hamish Small da abokan aikinsa suka fito da shi a Amurka a 1975, yana raba kulorur da bromur da nitirat da sulfat ya ba da adadin kowanne a gudu ɗaya. A gwajin tsarkakakken ruwa, littafin Amurka ya ajiye gwajin kulorur da sulfat tun 1996 ya koma auna ɗaukar lantarki. Sai dai kuromatografin yana son wuta marar yankewa, ɗaki mai sanyi, ruwa mai tsananin tsabta, da kayan gyara da sai an yi odarsu daga waje. Labon da yake son fara wannan aiki a Damagaram, kuɗin farko ya sa su a na'urar tace ruwa mai kyau, sikeli mai auna miligiram, bututun Nessler guda shida iri ɗaya, da kwalabe masu duhu.